Muryar Kaka Tana Hannun Rahibi

Jiya maƙwabciyata ta dawo daga Najeriya ta kawo min zuma a gorar ruwa. Ina buɗe murfin ƙamshin hayaƙi ya bugi hancina, irin na zumar da aka ɗebo da wuta. Nan take na tsinci kaina a gidanmu na unguwar Misfala a Makka, ina yarinya, ina raɓe a ƙofar ɗakin Kaka.

Irin wannan zumar ce ke zuwa mana duk shekara idan alhazai sun sauka, tare da kaset ɗaya naɗe cikin tsumma. Mai aikowa daga Najeriya abokin Kaka ne na ƙuruciya. Ƙauyensu ɗaya, tare suka yi kiwon awaki. Kaka ya bi kawunsa a ƙasa zuwa Makka, shi kuma 'yan mishan suka kai shi makaranta. Ya girma ya zama rahibi, wato irin Kiristocin Katolika da ke haƙura da aure da dukiya su tare a gidan ibada. Yana kiwon zuma, yana rubuta littattafai. Da yake Kaka bai iya karatun boko ba, sai marubucin ya ajiye alƙalami ya koma yi masa magana a kaset.

Sai ka san Kaka kafin ka gane abin da ke cina. Tela ne, mai tsadar magana. Cikin jikokinsa ni ya fi ja a jiki, yana kirana amaryarsa. Ni ke kai masa shayi, ni ke zura masa zare a allura da idonsa ya yi rauni. Amma duk hidimata, murmushi ne ladana, shi ma a gefen baki.

Ranar da kaset ya zo kuwa, sai ya tura ƙofa ya kunna rakoda. Wata siririyar murya ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, ta shiga ba shi labarin wata akuya da ta cinye musu tuwo. Sai ka ji Kaka yana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya, har da tari. Ni kuwa ina tsaye da tiren shayi yana hucewa, zuciyata tana tafasa. Mutumin da ko fuskarsa ban sani ba, yana can bayan teku, ya fi ni iya Kakana.

Ba ni kaɗai ba ce. Babana ma abin na sukarsa, sai dai shi ya lulluɓe nasa da maganar mutane. Wata rana ya durƙusa ya ce, "Baba, 'yan unguwa suna ƙorafi. A garin nan, a ce abokinka na jiki rahibi ne?"

Kaka bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Uwarsa ce ta shayar da ni da tawa ta kwanta ciwo. Je ka gaya wa unguwa. Halas, magana ta ƙare."

Wata shekara aikin Hajji ya faɗo cikin tsananin zafi. Alhazai sun dawo daga Mina, lungunanmu sun cika da jakunkuna da jarkokin zamzam, Kaka ya shiga ɗaki don naɗar amsarsa kafin mai kai saƙo ya tashi. Na kawo shayi, na ji muryarsa tana rawa. Yana gaya wa rakoda yadda ƙanwarsa ta rasu a hanya a ƙasar Sudan, yadda ya goya ta tana zazzaɓi, yadda ya haƙa ramin da hannunsa. Ban taɓa sanin ya yi ƙanwa ba. Na banka ƙofar na shiga.

"Kaka, ni ba ka taɓa gaya min ba! Sai shi?"

Ya kashe rakodar, ya share idonsa da bakin hula. Ya ce, "Amaryata, ke da furfura kika same ni. Shi kuwa ya san ni tun ba ni da wando."

Na yi fushi, na daina kai shayin. Bai lallashe ni ba, ni na gaji na koma.

Kaka ya rasu ina da aure. Gidan Misfala ma an rushe shi, otal ne tsaye a wurin, mun watsu, wasu a unguwar Hindawiyya wasu a Jidda. Da muke kwashe kaya kafin a rushe gidan muka tarar da kwali cike da kaset. Muka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Duk muryar rahibin ce. Ta Kaka, da dariyarsa da kukansa, tana can a gidan ibada.

Yanzu 'ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi, saƙon murya kuma ya zama abin banza, a tura a goge. Na samo lambar gidan ibadar da ƙyar, aka kai masa waya. Ya tsufa tukuf, amma siririyar muryar tana nan. Na gaishe shi, na roƙe shi kaset ɗin Kaka.

Ya ce, "Jikata, ku kuka wanke shi, ku kuka san kabarinsa, ni ko garinku ba ni da halin shiga. Ki bar min su har in mutu. Na bar wasiyya a aiko miki."

Na ce masa to, Kaka. Allah ya sani ban taɓa yi wa tsohon nan fatan mutuwa ba. Amma duk sanda na tuna cewa yana can yana danna rakoda, Kakana yana yi masa hira, sai in ji shayin da ke hannuna ya fita raina.