Akwatin Kaka Yana Hayi

Abin da na fara gani da na sauka daga motar Zango shi ne takalman Kaka a kife a kan danga, an wanke su tas. Baƙaƙen takalman roba ne, kuma na san ba ta fito da su sai za ta yi tafiya mai nisa. An rufe makarantarmu a Daura saboda zaɓe, aka turo ni ƙauye in yi hutun a wurinta. Ina ƙaramar sakandare lokacin, ba a daɗe da fara shari'a ba, hijabin makaranta ma bai jima da sauka har gwiwa ba.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, tana shafa wa gwiwoyinta man kaɗanya. Ta dama ta kumbura har tana sheƙi.

"'Yar birni, kin zo? Gaishe ni da ƙarfi, ni ba na jin gaisuwar sauro."

Na ƙara murya kaɗan. Na tambaye ta ina za ta da takalma.

"Hayi. Jibi."

Kwalta ce ta raba ƙauyen biyu. Gidan Kaka yana gabas da ita. A yamma, daidai ƙofar gidan, akwai makarantar firamare, har ana jiyo karatun yara daga ɗakinta. Nan ake ajiye akwatin zaɓe, kuma nan ta saba jefa ƙuri'arta. Amma da aka sake yanka mazaɓu, sai aka bi kwaltar da layi. Gidajen yamma suka zauna inda suke. Na gabas aka haɗa su da ƙauyukan hayin korama, akwatinsu ya koma can. Tsakanin Kaka da akwatin akwai gonaki, sannan koramar kanta, wadda da rani ba ta da ruwa ko ɗigo, sai faffaɗan yashi mai haɗiye ƙafa har idon sawu.

Da la'asar Baffa, ƙanen mahaifina, wanda yake koyarwa a firamaren, ya shigo gaishe ta. Shi gidansa yana yamma. Ya ga takalman, ya girgiza kai.

"Inna, ki haƙura da na bana. Ƙuri'a ɗaya ba za ta rage komai ba."

"Taka ka bari, tunda ɗaya ce. Sai da na yaye ka aka ce mata ma su fito su jefa. Tun ranar ban taɓa fashi ba, ba kuma a kan gwiwa zan fara ba."

Baffa ya ɗauki kara ya zana mata a ƙasa, ga kwalta, ga korama. Ya ce ba mugunta aka yi ba. Mutanen hayi ba su da yawa, da an bar su su kaɗai ba za su kai mazaɓa ba, da an haɗa su da garin duka kuwa sai a haɗiye su, har abada kansila ba zai fito daga cikinsu ba. Shi ya sa aka yanko musu gabas don yawan ya zo daidai.

Na ga gaskiyarsa. A darasin labarin ƙasa mu ma haka muke zana kogi, siririn layi da shuɗin fensir, ɗan yatsa ya tsallake shi.

Kaka ta duba zanen ta ce, "Kasuwata nan, asibitina nan, kabarin ubanku nan. Mai yankan ya taɓa taka yashin nan da tsakar rana?"

"A taswira ya gani, Inna."

"To taswira ba ta da gwiwa."

Baffa ya yi dariya, ya share zanen da ƙafa. Ya ce da zai kai ta a babur, amma an hana motoci da babura fita ranar, kuma ko ba a hana ba, babur ba ya ratsa koramar da mutum biyu. Sai ya sassauta murya ya ce akwai amalanke.

Kaka ta ja mayafinta ta rufe baki. Amalanken shanu ɗaya ne a gabas, na mijin Goggo. Goggo ita ce 'yar fari a wurin Kaka, don haka kunyar da ke tsakaninta da surukin nan ta fi ta kowa. Ba ta ambaton sunansa, ba ta cin abinci in yana gidan, in ta hango shi a hanya sai ta ratse.

"In zauna a bayansa yana kora ni kamar buhun gero? Duk ɗan da na haifa, mace ko namiji, in ya je masa da maganar nan, ban yafe ba."

Baffa ya miƙe. Ya yi sallama ya tsallaka kwalta.

Washegari da hantsi ta sa takalman, wai za ta gwada su. Na bi ta da buta. Mun wuce rijiya, mun kai bakin gonar farko, sai ta tsaya ta dafa wata bishiyar gawo, ta ce tana duba ko an yi sharar gona. Ba gonar take kallo ba. Ƙafar dama ba ta taɓa ƙasa sosai, kuma gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Ko rabin hanyar korama ba mu yi ba. A dawowa ta dafa kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Muna kusa da gida amalanken ya gifta can nesa, cike da taki za a kai gona. Na lura ba mijin Goggo ne ke riƙe da igiyar ba. 'Yarsa ce, 'yar'uwata kuma sa'ata, tana tafe a gaban shanun suna binta, shi yana baya da shebur a kafaɗa.

Da Kaka ta kwanta bayan azahar, na zauna ina juya maganarta. Ɗan da ta haifa ta ce. Ni ba ita ta haife ni ba, kuma jika ko ya yi laifi, wasa ne. Sai dai ni ko mai shago ba na iya kallo in tambayi kuɗin sabulu, ƙannena nake turawa. Mijin Goggo kuwa ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana.

Na sa hijabi na fita. Na same shi a ƙofar gida yana zuba wa shanun harawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mutanen Daura. Na ce suna lafiya. Na zuba wa kofaton ɗaya daga cikin shanun ido, wanda ya tsage a gefe.

"Goggonki tana ciki," ya ce.

"Wurinka na zo, Baba."

Ya ajiye harawar ya juyo.

"Don Allah ka ba mu aron amalanke gobe da asuba, ni da 'yar'uwata mu kai Kaka hayi. Amma kai kada ka biyo mu, kuma in mun zo wucewa, ka shiga gida."