Askar da Aka Wasa Don Harshena

In na ce muku shamuwa ce ta ceci harshena daga aska, za ku ce Sanusi ya fara halin nasa. To ku faɗa. Shaidu suna nan da ransu, wasu a unguwar Cissin, wasu a Pissy, duk a nan Wagadugu, tun da aka rushe mana Zongo aka watsa mu kamar an zuba wa kaji gero. Ku je ku tambaya, ni ban riƙe ƙafar kowa ba.

Ina yaro in'ina gare ni, ba irin ta wasa ba. In aka aike ni sayen sukari wurin mai tebur, kafin in fitar da "su" ɗin shayin gida ya huce, an shanye, an kife kofuna. Yaran layinmu suka sa mini Mobilet, wai bakina tsohon babur ne, sai an yi ta buga masa ƙafa kafin ya tashi. Mushenmu na lekol kuwa, wato malaminmu na makarantar boko, in ya gaji yana son ya ɗan runtsa, ni yake tayarwa in karanta layi ɗaya.

Babana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Wagadugu zuwa Lome. Mutumin kirki, amma a wurinsa duk abin da ya ƙi tashi, wata waya ce ta hau kan wata. Da farko ya ce harsuna ne suka cushe mini a baki: Hausa a gida, More yaren Mosawa a layi, Faransanci a lekol, kamar motoci uku a ƙofar kasuwa kowa na son wucewa. Ya kafa doka kada a ƙara jin More a bakina. Abin da dokar ta haifa shi ne na daina iya sayen benga, wake da shinkafa, wurin Bamosiyar layinmu, in'ina kuwa tana nan daram, ta koma Hausa zalla. Sai a wata tafiya wani direba ya ce masa ai wannan linzami ne, ɗan zaren nan na ƙarƙashin harshe, wanzami ya ɗan taɓa shi da aska magana ta ɓalle kamar famfo. Baba ya dawo da maganar nan a aljihu kamar ya tsinci zinariya. Ya ce kafin ya sake lodi za a yi.

A gidanmu mutum ɗaya ce za ta iya taka masa burki, kuma ita ce ba ta magana da shi. Kakata, uwar Baba. Yaba muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Mosawa suke kiran kakanninsu. Baba ɗan farinta ne, kun san alkunya. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in tana son a ba shi tuwo sai ta ce wa bango, "A kai wa mai kamiyo." Tun ina ganin abin kamar faɗa har na gane ƙauna ce ta ƙi fitowa fili. To matar da ba ta iya ce wa ɗanta sannu da zuwa, ta yaya za ta tare shi ta ce kada ka yanka?

Kada ku ɗauka ita ma ba ta da nata kanikancin. Ta ba ni ruwan da aka wanke ƙararrawa a ciki har cikina ya fara amsa kuwwa. Aska ce kawai ba ta yarda da ita ba.

Gyaɗa take soyawa ta sayar. Da an yi sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora tsohon kasko cike da yashi, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune da sakaina a hannu. A shekarun nan kuran, wutar lantarki, na ɗaukewa kamar an yi masa baki. Da talabijin ta mutu a gidan Alhaji na kusa, sai ka ji ƙafafun yara tim-tim sun nufo gidanmu. Har yau in na ji ƙanshin gyaɗa a cikin yashi mai zafi, sai in ga bangon nan na laka ya yi ja, inuwar Yaba ta hau shi ta kai rufi. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce. Kunne na saurare, hannu na murza gyaɗa. Wanda ta ga bakinsa na motsi ba da waƙa ba, sakaina ta sauka a tsakar kansa ba tare da labarin ya tsaya ba.

Ranar da nake ba ku labari Alhamis ce, da safiyar Juma'a za a yi aikin. Baba Illo wanzami, wani dogon Ba'adare mai dariya da haƙori ɗaya, ya zo don ya duba bakin tun da wuri. Suka zauna da Baba a kan benci bakin zaure, ya ciro aska daga zabira yana goga ta a fata, shuu, shuu. Ni kuwa na shige bayan Yaba na manne kamar ƙaya a zane. Harshena na naɗe shi na tura can ƙurya, na ce ko da yaƙi sai dai a fita da ni duka.

Yaba ta juya gyaɗa, ta ce, "Ga ta nan tafe, ta gaji."

Muka ce, "A ba ta tabarma mu ji ta."

Amma yau ba mu ta fuskanta ba. Ta ɗan karkata kujera wajen zaure, ta ɗaga murya kamar mai yi wa kurma tatsuniya.

Wai a zamanin da, shamuwa ya fi kowane tsuntsu murya. In ya rera waƙa, hadari da kansa yake tasowa ya zo saurare. Sai dai in ya zo magana, kalma takan tsaya masa a maƙogwaro. Kurciya ma haka, su biyu abokai ne, in suka haɗu a reshe gaisuwa kawai sai ta kai su azahar. Uban shamuwa mai tafiye-tafiye ne, ba ya zama, in ya dawo gida ba shi da lokacin jiran ɗa ya ƙarasa zance. Sai ya ɗauke shi ya kai wa shaho, shi ne wanzamin tsuntsaye.

Daga zaure Baba Illo ya ce, "Hajiya, ina jin ki fa."

Ta ce, "Da yara nake, Wanzam. Ka ji da fatarka."

Shaho ya duba, ya ce zare ne, ya sa farce ya tsinke. Aka jira rauni ya warke. Shamuwa ya buɗe baki zai gaida ubansa, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, baki na bugun baki. In'ina ta tafi, gaskiya ne. Ta tafi da magana, ta tafi da waƙa. Shi ya sa har gobe in kun ga shamuwa a kan gini ba ku jin kukansa, sai tafi da baki. Yana zuwa da damina don hadari na bin sa yana roƙon ya sake rerawa.

Da shaho ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya rataya zabira ya nufi gidan kurciya. Nan ne wurin waƙa. A al'ada dukanmu muke amsawa, har da masu muryar jaki. Yaba ta rera sau ɗaya, yara suka ja numfashi za su ɗauka, sai ta ɗaga sakaina.

"Yau kurciya ɗaya ce a gidan nan. Ango, fito daga bayana. Miji ba ya ɓuya a bayan matarsa."

Ango ni ne, wasan kaka da jika. Na leƙo. Ta ce, "Tatsuniya ta tsaya a nan. In kurciya bai yi kuka ba, shaho ya shiga, kowa ya tafi ya kwanta."

Ta ajiye sakaina, ta naɗe hannu. Gyaɗa na ƙonewa tana kallo. Matar da in ƙwara ɗaya ta faɗi sai an haska fitila an nemo ta. Yara suka zuba mini ido, wani ya fara "brrr, brrr" na mobilet, ya sha sakaina. Na rufe ido na rera:

Ku-ku-kuruu, Inna ɓoye ni,
shaho na tafe da zabira.
Abin da ban faɗa ba zan rera,
ku-ku-kuruu, a bar mini nawa.

Ya fita sumul kamar an shafa mai. Ni kaina na waiga in ga wa ya yi. Shuu-shuu ɗin zaure ya tsaya.

Yaba ta ƙarasa a gurguje, don gyaɗarta. Uwar kurciya ta shimfiɗa fiffike ta rufe ɗanta, shaho ya yi ta kewaya har ya gaji. Kurciya bai warke ba, har yau sai ya yi ku-ku-ku kafin ya kai ƙarshe. Amma shi ne kowa ke ji da asuba. Ta ce, "Nan ta tuɓe takalmi, wanda ya ga ƙarya ya kai ta kasuwa ya sayar."

Baba ya taso. Ya zo ya tsuguna a gabana, gwiwarsa na ƙara. Ya ce, "Sanusi, faɗa mini da baki, ba da waƙa ba. Kana so a yi?"

Kalmar gajera ce, amma ta ƙi. "Ba-ba-ba..." Kullum a daidai nan yake cewa "to, to, na gane," ya wuce. Ran nan bai ce ba. Na ga bakinsa ya motsa zai taya ni, sai ya cije leɓe. Ni na ce an yi shekara guda a wurin, ƙanwata ta ce bai kai a sha kofin ruwa ba. A ƙarshe ta faɗo: "Ba na so."

Ya miƙe, ya share gwiwa, ya ce wa Baba Illo, "A bari sai na dawo daga Lome."

Baba Illo ya ce aska da aka wasa ba ta komawa zabira da yunwa. Da safe duk namijin da ke gidanmu aka yi masa aski ƙwal, har da wani baƙo da ya shigo tambayar hanya. Baba kuwa ya dawo daga Lome, ya koma, ya dawo, har kamiyon ya tsufa, bai sake tayar da zancen ba. Ita ma Yaba ba ta taɓa nuna ta san an yi wani abu ba. Gyaɗar ranar dai ba ta sayu ba, mu muka cinye ƙonanniyar.

Ba da daɗewa ba katafila ta shigo Zongo. Inda murhun Yaba yake, ban ma iya nuna muku yanzu, na je na tsaya na yi ta juyi kamar ɓatacciyar akuya. A sabon wuri ta ci gaba da suya, amma gidaje sun yi nisa da juna, yara ba sa zuwa. Ba ta daɗe sosai ba, Allah Ya jiƙanta.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na ji ana karatun koya wa yara magana, ortofoni. Lome na tafi, a gaban kamiyon abokin Baba, a kan hanyar da ya yi ta bi. Dangi suka ji "foni" a sunan aikin suka fara kawo mini wayoyinsu in gyara. Mun sha karatu: maƙogwaro, kunne, ƙwaƙwalwa, yadda jariri ke tsotso, yadda sauti ke fita. Sai sitaj, wato koyon aiki, a asibiti da makarantun kurame, yau yaron da aka ɗinke wa leɓe, gobe wadda ta kai shekara huɗu ba ta ce Inna ba. A nan na koyi cewa linzami gaskiya ne ga wasu jarirai, likita ke dubawa, amma ba ruwansa da in'ina. Harsuna uku ma ba su taɓa cushe wa yaro baki ba. Waƙa kuma ba magani ba ce, kusan duk mai in'ina yana rerawa lafiya. Ni ma ban rabu da ita ba, sai da na yi aiki a kaina, kuma in na yi fushi Mobilet yana dawowa ya gaishe ni.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan kada a yi yanka ne. Sai da wata malamarmu ta zaunar da ni gaban yaro ta ce in na buɗe baki kafin shi na faɗi jarrabawa, sannan na tuna gwiwar Baba a ƙasa da leɓensa a cije. Yanzu rabin aikina ba da yaran nake yi ba, da ubanni ne. Su zo da gaggawa, babur a waje ba a kashe ba, su ce a yi masa wani abu. In ba su kujera in ce ku zauna, ɗanku zai gaya muku abu, kada ku taya shi. Wasu gumi suke yi kamar sun tura kamiyo.

Kwanaki a wurin wani suna a Cissin na ga Baba Illo, ya tsufa, haƙorin ma ya yi ritaya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne Sanusin Yaba. Daga nan na shiga yi masa bayani, jijiyar harshe, numfashi, abin da aka gano, abin da ba a gano ba. Aka kawo waina, aka cinye, ina kai. Aka raba goro, ina kai. Ya bari sai da na tsaya haɗiye yawu, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, da na san abin da bakin nan zai zama ke nan, da ba linzami zan tsaya nema ba. Daga tushe zan ɗauke shi, unguwa ta sa mini albarka."