Kawu da Sandar Tuƙin Jirgi

A duk gaɓoɓin da Allah ya yi wa ɗan Adam, tafin hannu ne kaɗai ba ya ƙarya. Ido kan ga ruwa a kan kwalta inda babu ko ɗigo, kunne kuwa abin da aka zuba masa yake ɗauka. Wannan fatawar kawuna ce, tsohon direban babbar mota a Gwaram, kuma ban samu littafin da ya ƙaryata ta ba, ko da yake na duba.

Shekarar da ya samu kujerar Makka, sai ya ce a mayar wa mutane abarsu, shi ba zai hau jirgin sama ba, don ba ya shiga motar da bai san halin sitiyarinta ba. Mahaifiyata, wadda take yayarsa, ta kira ni ta ce tunda ni ne ɗan boko, in ƙaninta ya rasa Hajji alhakin yana wuyana.

Lokacin ina koyarwa a Birnin Kudu. Maƙwabcina wani safiyo ne da sabuwar jiha ta turo, mutumin Kudu, wanda ya so zama matuƙin jirgi ciwon ido ya hana shi. Yana da kwamfutar da ake koyon tuƙin jirgi a cikinta, da sandar tuƙi mai ɗan inji a gindi. In jirgin ya shiga iska sai injin ya riƙa fisgar hannunka, in ya dira ka ji ƙasa har gwiwar hannu. Ni kaina ban yarda da ita ba. Abin da za ka tura ya turo ka, da magana.

Na ɗauko Kawu zuwa gidan safiyon ran wata Asabar bayan azahar. Bai zauna ba sai da ya leƙa bayan labule.

"Wa ke ja ta ɗaya gefen?"

"Babu kowa, Baba," in ji safiyo. "Inji ne."

"Haka kowane bakanike yake cewa. Oga, ɗora hannayenka kan tebur inda zan gan su. Kai ma, malamin makaranta."

Muka ɗora, kamar ɗaliban da ake duba wa farce. Ya yi bisimilla, ya kama sandar, safiyo ya faɗa masa yadda ake tashi. Jirgin na barin ƙasa ya rufe ido, wai kada allon ya yi masa wayo.

"Tayar hagu ba iska."

"Kawu, kana sama fa."

"Ashe saman ma da gargada. Wa aka ba kwangilar?" Ya ƙara damƙe ta, jijiyoyin hannunsa suka tashi. "Ji nan! Tana ja dama. Wanda ya yi lodin nan bai san aikinsa ba."

Safiyo ya buɗe baki zai yi magana, na take masa ƙafa. Jim kaɗan jirgin ya kifa cikin teku. Kawu ya buɗe ido ya daɗe yana kallon ruwan, ni kuma ina ta shirya abin da zan gaya wa mahaifiyata.

"Laifina ne," ya ce. "Ta gaya mini, ban saurara ba. Motar da take faɗa wa direba gaskiya a hannu, ana shigarta. Ku biyun nan dai ban yarda da ku ba, amma ita na yarda."

A shekarar ya sauke farali, ya dawo yana ba direbobin tashar Gwaram labarin yadda sitiyarin jirgi yake magana.

Ran da aka yi abin, bayan na raka shi tasha, na tarar da safiyo a durƙushe ƙarƙashin tebur, riƙe da wayar da ke ba injin sandar wuta. Tun da safe matarsa ta cire ta daga soket ta jona dutsen guga.