Yadda Taswira Ta Ƙwace Sunan Kawu

Shekara talatin da ɗaya Kawuna ya yi yana gyaran keken ɗinki a ƙuryar lungu guda. Teloli na kiransa Mai Kunne, don ba ya kwance keke sai an taka masa ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce ga ciwon. Bai taɓa kafa allon suna a shagonsa ba.

Ni na matsa masa a sa shagon a taswirar waya. Cikin lungun babu sabis, sai na fito bakin titi na cike komai a tsaye. Ashe inda na tsaya nan alamar ta sauka, taku arba'in da uku daga ƙofarsa, daidai shagon wani sabon mai gyara da ya zo wata biyar da suka wuce.

A sati biyu na ƙirga mutum goma sha tara sun sauke keke a can, waya a hannu. Shi kuwa sabon mai gyaran, da ya gane abin da ke faruwa, sai ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: MAI KUNNE.

Na same shi yana dukan wani keke da guduma.

"Malam, wa ya ba ka sunan nan?"

"Ƙanwata, ni ba ni da kunne ne? Ga su har biyu."

Ba ƙwacen masu zuwa ne ya fi ƙona min rai ba. Kekunan da ya ɓata, a ƙarƙashin sunan Kawu ake zagi. A taswirar, tauraro ɗaya cikin biyar aka ba shagon, har sau bakwai. Wata ta rubuta, "Tsoho ya tashi aiki." Na karanta wa Kawu. Ya ajiye sukudireba.

Sau shida na kai ƙara ta waya. Masu taswirar suka ce in turo hoton allon shago. Muka yi allo a kwana ɗaya, na tura. Amsa ta zo: akwai mai wannan suna a nan, an tabbatar da shi, naku kwafi ne.

"Ni ne kwafin?" Kawu ya miƙe, kujera ta faɗi. "Lokacin da aka sa min sunan nan wancan ko wando bai iya ɗaurawa ba!"

Na ce mu ci gaba da ƙara. Ya ce a'a.

"'Yar nan, bar masa. Sunan da ya sha zagi bakwai me zan yi da shi? Buɗe sabo a taswirar. Rubuta Kawu Na Ƙarshen Lungu."

Na buɗe, na ja alamar da yatsa har kan rufinsa, na duba sau huɗu. Yanzu yana da tauraro biyar daga tela ɗaya tak, wancan kuma yana saman jeri da sunan da ba nasa ba. Kullum da safe sai na wuce ta gaban allon jan fentin nan, kuma har yau ban iya wucewa ban yi tsaki ba.