Tukunyar Gwaten Malam Idi

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ce ita ce ta ƙarshe ga kasuwarmu ba, kuma ban ga ranar da zan manta ba. Ni ban yi boko ba. Malama Rifkatu, sakatariyar ƙungiyarmu ta manoma, ita ke rubuta abin da nake faɗa, domin ku sababbin shiga ku san inda aka fito. In ta ga na yi shiru takan ajiye biro ta jira ni, ta san kuka ne.

Ni da maigidana Malam Idi, Allah Ya jiƙansa, mun tsufa muna noman lambu a bakin wani tsohon ramin kuza. Dillalai kan zo har bakin lambu su yi wa kaya kuɗin da suka ga dama, mu kuwa mu sallama, don kabeji ba ya jira. Malam ne ya fara cewa me zai hana mu miƙa wa masu ci da hannunmu. Ya yi ta zirga-zirga har ƙungiyar mazauna wata unguwar ma'aikata a Daɗin Kowa, cikin Jos, ta ara mana fili, Asabar-Asabar, a kan gwaji. Ƙa'idarmu ita ce kowa ya sayar da abin da ya noma da kansa, ba dillali, kuma a share fili kafin azahar. Aka naɗa Baba Dung, abokin nomansa, shugaba.

Asabar biyu kawai Malam ya gani. Ya kwanta kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa.

Da na fita takaba, damina ta kusa, na tarar kasuwa ta lalace. Masu saye sun janye. Madam Bisi, shugabar mazauna unguwar, ta aiko cewa jama'arta na ƙorafi: muna tare musu hanya da motocin kaya, alhali abin da muke kawowa shi ne ake samu a kowane bakin titi. Saura Asabar ɗaya mu mayar da fili.

Gaskiya ta faɗa. Duk teburin da ka duba kabeji ne, karas, latas da dankalin Turawa. Mun ɗauka ma'aikacin gwamnati ba ya cin komai sai waɗannan. Acca da yakuwa da gauta kuwa cimar gida ce, kunyar ajiye su gaban mai mota muke ji. Har Malam ma haka ya ɗauka.

Na ce tunda rufewa za a yi, bari in yi wa Malam sadaka a filin da ya sha wahala a kai. Bayan sallar asuba na dafa gwaten acca, abin da ya fi so a duniya, da yakuwa da gauta da wake da ƙashi, cikin babbar tukunya, don abokan aikinsa su ci su yi masa addu'a. Na sauke ta a bakin shiga.

Baba Dung ya taho da sauri. "Uwargida, don Allah a kai ta bayan bishiya. Yau Madam za ta zo. Kada a ce ƙauye ya shigo gari."

Na ce, "Shugaba, kai da aka yaye ka da gwate, yau kai ke jin kunyarsa? A gidanmu kwano biyu kake tashi da shi."

Aka yi dariya, amma shi ne shugaba, sai na bi umarni. Muka ja tukunya bayan bishiya. Ƙamshi ne bai bi umarni ba.

Wajen ƙarfe goma Madam Bisi ta iso don ta sallame mu. Ta wuce teburan kabeji ko kallo, hancinta ya kawo ta har inda nake. Bayarabiya ce, Hausarta irin ta cikin Jos.

"Mama, wannan tukunya yana ƙamshi! Nawa kwano ɗaya?"

Na ce, "Ba na sayarwa ba ne, 'yata. Sadakar maigidana ce, wanda ya roƙe ku filin nan."

Ta yi mini gaisuwa, na zuba mata, ta karɓa a tsaye. Loma uku ta nemi benci. Ta ce likita ya sa maigidanta cin acca saboda ciwon suga, tana aikawa kasuwar Laranto a sayo, amma duk ranar da ta dafa sai yashi, har oga ya kusa rasa haƙori. Sai ta waiga ta ce, "To wane tebur ne yana da acca?"

Mu da muke noma ta, babu wanda ya kawo.

Ita wannan mai rubutun ce ta fid da mu kunya. Ta sunkuya ƙarƙashin teburinta ta jawo ƙullin accar da za ta kai wa 'yarta. Na sa aka ba ni ƙwarya biyu da ruwa, na nuna wa Madam yadda ake rege ta: a juya a hankali, acca ta bi ruwa ta koma ɗaya ƙwaryar, yashi ya kwanta a ƙasa. Na buɗe mata gindin ƙwaryar ta ga yashin da idonta. Kafin in gama, matan unguwa sun kewaye ni, wannan tana tambayar yakuwa, waccan tana cewa rabonta da gwate tun rasuwar kakarta.

Madam ta dubi Baba Dung ta ce, "Oga shugaba, kuna da wannan a gida, kullum kuna kawo mana kabeji? Mu zomaye ne?"

Ta ƙara mana Asabar huɗu, da sharaɗin mu zo da abin da muke ci. Huɗun nan har yau ba su ƙare ba, ba wanda ya sake tayar da zancen fili. Yanzu wanda bai zo da wuri ba, ba ya samun acca.

Abin da na koya, shekarun da muka yi muna sayar wa dillali sun sa ba mu san mai ci ba, sai muka yi ta zato a kansa. Ashe shi ma ɗan wata ne, ya tashi da irin tuwon da muka tashi da shi. Saboda haka ku sababbi, in mai saye ya tsaya, ku tambaye shi me ake dafawa a gidansa, kuma kada ku ɓoye cimarku a ƙarƙashin tebur.

Malam bai ga wannan ba, shi ne abin da ke ci mini rai. Amma duk Asabar ina dafa gwatensa, kuma a bakin shiga take zama. Ƙafafuna sun daina ɗaukar nauyi, don haka Baba Dung ne ke sauke tukunyar daga mota da kansa. Yakan ajiye ta, ya cire hula ya ce, "Allah Ya jiƙan Idi." Sannan ya miƙo kwanonsa, kuma har yau biyu yake ci.