Yaya Ilu da Ƙayar Aduwa

Duk wanda ya san Yaya Ilu a Kazaure ya san ba ya wuce bishiyar aduwa bai taka birkin keke ba. Zai sauka, ya karyo ƙaya, ya gwada ta a farcen babban yatsa, sannan ya kai ta kunne kamar za ta gaya masa wani abu. Ni ƙanwarsa ce, autar gidanmu, don haka na sha tsayuwa a rana da goyo ina jiran ya gama.

Dalili kuwa garmaho ne. Ya saye shi wajen lokacin samun 'yancin kai, irin wanda ake wanawa da hannu, kuma duk suna ko biki a gidanmu shi ke sa faifai a tsakar gida. Cikin faya-fayansa akwai wani na kalangu da Innarmu take so kafin ta rasu, wanda ko a Kano an daina samunsa. Ya naɗe shi a tsohon zanenta, ya ce sai ya kai shi bikin 'yata Hajara lafiya. Lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Shi a ganinsa allurar ƙarfe cin faifai take yi, shi ya sa yake fere ƙaya ya sa a madadinta. Wata rana a kasuwar Babura wani mai tireda ya nuna masa gwangwanin allurai masu ƙyalli, ya ce, "Malam, da waɗannan Turawa ke amfani."

Yaya ya ce, "Su in nasu ya cinye suna da gidan buga wani. Ni ina zan buga?"

"To ka sayi ko ɗaya mana."

Ya saya, ya miƙo mini. "Auta, riƙe, kya cire sartse."

Ƙayar ma ba kowace ba. Ta garin Gwiwa, in ji shi, mura take yi. Ta Kazaure gaggawa gare ta. Sai ta wata bishiya a Roni, gefen gonar wani dattijo. Da zuwan ya yi yawa, dattijon ya zaci magani ake haɗawa, ya ce, "Malam, in na ciwon baya ne ka sam mini." Yaya ya ce na kunne ne, ya ɗauko shi a keke har gida. Bawan Allah ya saurari faifai ɗaya tsaf, ya yi godiya, ya ce shi dai bayan bai daina ba.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci sai na samu aiki: rubutu a kan kwalayen ashana da yake zuba ƙayoyin. Na suna, na biki, na salla. Na ce, "Yaya, ai duk iri ɗaya ne." Ya ce, "Jiya-jiya kika iya baƙi, har kin fara gyara wa mutane?" Na ci gaba da rubutuna.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo gari, Hajara ta isa aure. Angon, Sabo, yana aiki a Kano, ya kawo sabon garmaho mai batir, da kan allura mai ɗan dutse a baki. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, wannan allurar ba ta ƙarewa."

Yaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "In ita ba ta ƙarewa, wa ke ƙarewa?"

Sabo ya sunkuyar da kai. A ƙarshe aka shirya: duk sauran faya-fayan a sa su a sabon, ban da na Inna.

Ranar biki da la'asar Yaya ya kwance zanen, ya ɗora faifan a tsohon garmahonsa. Kalangu ya tashi, mata suka shiga fili. Ana tsakiyar rawa ƙayar ta dakushe, kiɗan ya koma kamar daga cikin rijiya. Ya ɗaga hannu. "Kowacce ta tsaya inda take." Ya zaro reza ya hau fira a hankali, mata kuwa gwiwa a lanƙwashe. Gwaggo Talatu, ƙanwar babanmu, ta ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah! Mu in muka tsaya ba ma tashi." Sau uku aka yi haka kafin faifan ya ƙare, amma ko sau ɗaya bai yi tsalle ba. Ni ban yi rawa ba. Na zauna kusa da shi muna saurare, don duk mun san wurin da Inna take fara tafi.

Yaya bai kai shekara ba bayan nan ya rasu, Hajara tana da ciki. Da nake kwashe kayansa na ga wani kwalin ashana da ba rubutuna ba ne a kai. Shi da bai taɓa riƙe fensir ba, ya kwaikwayi nawa, baƙaƙen duk a karkace: na suna. Ƙaya uku ne a ciki, ferarru, daidai faifai ɗaya. Da su muka sa na Inna ranar sunan, kuma Sabo da kansa ya wana.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Yadda ka lallaɓa abin da Inna ta bari, Allah Ya lallaɓa ka, Ya haɗa ku a Aljanna.