Ashe rafkanuwata tana da suna

"Hajiya, yaushe mantuwar ta fara?" likitar ta tambaye ni.

Na ce tun da al'adata ta fara yi mini wasa, yau ta zo gobe ta ɓace, ga zufa ba gaira ba dalili. Na ƙona tukunyar wakye, shinkafa da waken nan namu. Na shiga trotro, motar haya, zan koma gida Moshi Zango, sai ga ni can wata unguwa, Anloga, cikin masu katako. Tsoro ne ya kai ni asibiti, kada dai ƙwaƙwalwata ce ta fara tafiya kamar ta kakata.

Ta ce, "Da kina yarinya fa?"

Na yi dariya. "Dokta, tun ina makarantar allo da wuya in idar da salla ban yi kabli ko ba'adi ba. Malaminmu har suna ya sa mini, Mai Rafkanuwa. Wai Shaiɗan ya shimfiɗa tabarma a kunnena."

Ita ba ta yi dariya ba. Bayan na yi ta komawa ana bincike, ta ce ADHD ne, wahalar tsai da hankali wuri guda. Tun ƙuruciya yake tare da ni, canjin jikin nan ne ya tona shi.

Shekara arba'in da 'yan kai ina zargin imanina, jama'a. Ranar na sake rafkana a la'asar, na yi ba'adina, na miƙe zuciyata sakayau.

'Yan'uwa mata, wacece kuma aka laƙaba wa suna maimakon a kai ta asibiti?